Ragowar wankin zinare: a sake wankewa, a sayar, a yi bulo, ko a binne?

Duk inda aka shekara ana niƙa dutse ana wanke zinare, akwai tudun da ke tashi a gefe ba tare da wani ya yi niyyar gina shi ba. Daga Bagega da Sunke a ƙasar Anka har ƙauyukan Rafi a Jihar Neja aikin iri ɗaya ne: a fasa dutse, a niƙa, a wanke a kan katako mai shimfiɗar kafet, a zuba zaiba ta kama abin da za ta iya kamawa, sauran ya tafi tudu. Dutsen da ake cewa ya yi albarka, wanda tan ɗayansa ke ɗauke da giram 10 na gwal, giram 10 ne a cikin giram miliyan ɗaya. Ke nan kusan duk abin da aka ciro daga rami a daba, wato wurin niƙa da wankin dutsen, zai zauna, iska ta kwashi rabonta da rani, ruwa ya kwashi nasa da damina.

A da tsallake tudun nan ake yi a wuce. Yanzu yana da masu taya shi. A 2010 oza ɗaya ta zinare tana wajen dala 1,200, a watan Oktoba na 2025 ta haura dala 4,000. Gwamnatin tarayya kuma ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara tun Afrilun 2019, a watan Disamba na 2024. Saboda haka mai daba, da shugaban ƙungiyar masu haƙa, da dagacin da tudun ke bayan garinsa, dole ɗayansu ya yanke shawara. Hanyoyin da ke gabansu huɗu ne: a sake wanke ragowar da zaiba, a miƙa ta ga masu jiƙa ta da sinadarin sayanaid, a buga bulo ko a yi ciko da ita, ko a haƙa rami a binne. Ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ba kowane tudu ne kowace hanya ta dace da shi ba.

Tambayoyi biyu ne ke raba gardama tun kafin a zo maganar kuɗi. Akwai dalma a cikin dutsen? Zaiba ta taɓa shiga ragowar?

Ta farko ba sai an yi wa mutumin Zamfara dogon bayani ba. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF suka lura da yadda ƙananan yara ke mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba sa yi musu komai. Kimanin yara 400 suka rasu. Dutsen da ake haƙowa a lokacin ya zo da dalma mai yawa, ana niƙa shi a bushe da injin niƙan hatsi, mata na daka shi a turmi a cikin gida, ana shanya shi a tsakar gidan da yara ke rarrafe. A wasu wurare an auna ƙasa an sami fiye da miligiram 100,000 na dalma a kowane kilo, wato kashi 10 cikin 100, alhali a lokacin Amurka ta tsayar da 400 a matsayin iyaka ga ƙasar da yara ke wasa a kai. Binciken masana duwatsu na Amurka ya ƙara nuna cewa dalmar wurin ta daɗe tana shan iska da ruwa har ta rikiɗe zuwa nau'in da ke narkewa cikin sauƙi a cikin ciki. A 2015 abin ya maimaita kansa a Shikira da ƙauyukan kusa da ita a ƙaramar hukumar Rafi, yara 28 suka tafi. Abin lura shi ne wanki yana ɗauke gwal, ba ya ɗauke dalma. Tana nan a tudu, an ma niƙa ta ta yi laushi.

Ido ba ya gane wannan. Akwai na'urar hannu mai suna XRF, wadda ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalma cikin minti guda, da ita aka bi gida-gida a Zamfara. Yawan gwal ɗin da ya rage kuwa sai an kai samfur ɗakin gwaji, irin na Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya da ke Kaduna. A ɗebi samfurin daga sama da tsakiya da gindin tudu, kuma daga ɓangarori daban-daban, domin tudun shekara uku tarin ramuka da yawa ne: na wannan watan ba shi da dalma, na wancan yana cike da ita. Wanda ya sayar ko ya binne bai yi awo ba, caca ya yi, ko da kuɗinsa ko da 'ya'yan maƙwabta.

Sake wankewa da zaiba

Wannan ita ce hanyar da aka saba, kuma ita ce mafi rauni. Kyawunta ɗaya ne: ba ta buƙatar jari, kuma kuɗin ranar yana shiga hannu a ranar. Mata da yara ne suka fi yin ta a gefen daba da bakin rafi, wato waɗanda dalma ta fi yi wa illa su ne ke kwana da hannu a cikinta.

A wajen riba ma ba ta kai ba. Zaiba tana kama gwal ɗin da ya fito fili ne kawai. Wanda ke kulle a cikin ƙwayar dutse, ko wanda ya yi laushi ƙwarai, ko wanda tsatsa ta lulluɓe, wucewa yake yi. Shi ya sa zuba zaiba a kan niƙaƙƙen dutse gaba ɗaya galibi ba ya fitar da ko rabin gwal ɗin da ke ciki. Abin da ya kuɓuce mata a wanki na farko, dalilin da ya sa ya kuɓuce yana nan a na biyu. Kowane zagaye gwal na raguwa, zaibar da ta farfashe ta zama ƙananan ɗigo tana ƙaruwa a cikin tudun. Wannan ɗin ne babbar asarar, domin yana lalata darajar ragowar ga hanya ta biyu.

Masu sayanaid

A nan kuɗin yake, a nan kuma ya kamata a tsaya a yi dogon tunani.

Sayanaid yana narkar da gwal ya mai da shi ruwa, har wanda ido ba ya gani. Ana zuba ragowar a tanki ko kwarmin siminti, a jiƙa ta da ruwan sinadarin, a tace ruwan, sannan a kamo gwal ɗin da gawayi na musamman ko ɓarɓashin zinki. Idan dutsen mai sauƙi ne kuma an niƙa shi da kyau, ana iya fitar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100. Da wannan hanya ce kamfanin DRDGOLD ke cinye tsofaffin tuddan da ke kewaye da Johannesburg a Afirka ta Kudu, yana samun wajen giram 0.2 kacal a kowane tan, amma da yake miliyoyin tan yake sarrafawa a shekara, riba na fita. Ragowar ƙananan masu haƙa ta ninka wannan sau da yawa. A ɗauka, a misali, awo ya nuna giram 3 a tan. Oza giram 31 ce da ɗoriya, don haka a farashin dala 4,000 giram ɗaya ya kusa dala 130, tan ɗaya na wannan ƙasar da ake takawa yana ɗauke da gwal na kusan dala 390 kafin a cire kuɗin aiki. Mai saye ya san wannan lissafin. Mai sayarwa da bai yi awo ba, kuɗin tifa kawai zai karɓa yana godiya.

Sai dai sayanaid kala biyu ne a aikace, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi tazarar da ke tsakanin sauran hanyoyin.

Akwai na bayan gari: a haƙa kwarmi, a shafe da siminti ko a shimfiɗa leda, a zuba sinadari da kofi, ba awo ba safar hannu. Ya yaɗu a Burkina Faso da Mali, ya kai wuraren haƙa na yammacin Nijar irin su Komabangou. Ruwan sayanaid dole a riƙe shi da farar ƙasa domin ma'aunin pH ɗinsa, wanda ke sauka idan ruwa ya yi tsami, ya tsaya sama da 10. Idan ya sauka, iska mai guba ke tashi daga kwarmin, wadda ke iya kashe mutum cikin mintuna. Masu amfani da zinki kuma sukan narkar da shi da asid a ƙarshe, kuma haɗuwar asid da sayanaid ita ce ainihin hanyar fitar da wannan iskar. Ga shanu da awaki da ke biyo ƙyallin ruwa da rani. A Sudan, inda sayen ragowar masu haƙa ya zama sana'ar kamfanoni, rikicin da ya biyo bayan amfani da sinadarin ya kai ga mutanen Talodi a Kordofan ta Kudu suka far wa masana'antun a watan Oktoba na 2019.

Akwai kuma na masana'anta mai lasisi, mai tankunan ƙarfe, mai awon ruwa, mai wurin kashe ƙarfin sinadarin kafin a saki laka zuwa madatsar da aka shimfiɗa wa kariya. Wannan ya fi na farko nesa ba kusa ba. Amma kada sunan masana'anta ya ruɗi kowa. Ranar 30 ga Janairu 2000 madatsar wata masana'anta a Baia Mare ta ƙasar Romaniya ta ɓalle bayan ruwan sama da narkewar ƙanƙara, ruwa mai sayanaid kimanin mita kubik 100,000 ya bi koguna har Tisza da Danube, kifi ya mutu tan-tan a Hungary. Aikin wannan masana'antar kuwa shi ne sake sarrafa tsohuwar ragowa, an ma kafa ta ne da sunan tsabtace gari. Bayan wannan ne aka fito da ƙa'idar duniya ta sarrafa sayanaid, wadda manyan kamfanonin zinare ke sa hannu a kai bisa raɗin kansu.

Wani zai yi mamaki in na ce sayanaid shi kansa bai fi ba ni tsoro ba. Guba ce mai kisa nan take, amma rana da iska suna karya shi, akwai kuma sinadaran da ke kashe shi. Zaiba da dalma ba sa ruɓewa, ba sa ƙonewa su ɓace, wuri kawai suke sauyawa. Babbar matsalar ita ce haɗuwar sayanaid da zaiba. Sinadarin yana narkar da zaibar da ke kwance a tudu kamar yadda yake narkar da gwal, ya mai da ita abin da ke bin ruwa. Idan ta isa laka a gindin rafi, ƙwayoyin halitta su juya ta zuwa nau'in da ke taruwa a jikin kifi, daga nan sai cikin mai ci, har ɗan tayin da ke cikin mace. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan zaiba, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2018, ta lissafa ayyuka huɗu da ake so a kawar gaba ɗaya a ƙananan haƙar zinare: zuba zaiba a kan dutse gaba ɗaya, ƙona dunƙulen zaiba da gwal a fili, ƙona shi a cikin unguwa, da jiƙa ragowar da zaiba ta shiga da sayanaid ba tare da an fara cire zaibar ba. Akasarin tuddan da ke dabobinmu suna cikin rukunin nan na huɗu. Ana iya rage zaibar ta hanyar bi da lakar ta injin tacewa da nauyi ko faranti na tagulla, amma ragewa ce, ba ta fita duka.

Sannan sayanaid bai damu da dalma ba. Bayan an cire gwal, lakar da ta fito tana ɗauke da dalmarta cif, kuma yanzu ba ta da sauran darajar da za ta sa wani ya kula da ita. Sayar da tudu ba kawar da shi ba ne, mai da shi wani gari ne. A Kabwe ta Zambiya, inda aka rufe mahaƙar dalma a 1994, masu kare haƙƙin ɗan Adam sun yi ta kokawa a 'yan shekarun nan cewa motocin da ke kwasar tsohuwar ragowa don sake sarrafawa suna baza ƙurarta a cikin unguwanni, ana kuma jibge ta kusa da gidaje. Tifar da ta ratsa kasuwar Anka da busasshiyar ragowa ba rufi, irin aikin da za ta yi ke nan.

Bulo da ciko

Wannan ce ta fi daɗin ji a taron bita. Ga yashi an riga an niƙa, ga tsadar kayan gini, me zai hana? Kuma akwai inda ta yi aiki. Kamfanin Vale na Brazil, bayan ɓallewar madatsar Brumadinho ranar 25 ga Janairu 2019 da ta kashe mutum 270, ya fara fitar da yashin gini daga ragowar ƙarfe a mahaƙar Brucutu yana sayarwa. Amma ragowar tamar ƙarfe kusan duk farin yashi ce, ana kuma sarrafa ta a auna ta kafin ta fita. Ɗaukar wannan misali a ɗora wa ragowar Anka kamar a ce tunda ana cin rogo mai zaƙi ɗanye, mai ɗacin ma a ci.

Siminti yana riƙe dalma zuwa wani mataki, shi ya sa ake amfani da shi wajen daskarar da shara mai guba kafin a binne. Kafin a binne, ba kafin a kwanta a ciki ba. Bulon da ake bugawa a garuruwanmu ana ja wa buhu ɗaya ya fitar da fiye da ƙima, yana ɓarɓashi tun a hannun magini. Ana sare shi, ana huda shi a sa waya, akuya na goga jiki, yaro na lasar bango. Dalma tana kuma jinkirta kamawar siminti, dutse mai kibiritu yana cin sa daga ciki a hankali. Tubalin ƙasa ya fi muni, don ba abin da ke riƙe komai. A aikin tsabtace ƙauyukan Zamfara sai da aka bi har kududdufan da ake wanki a cikinsu, domin daga nan ake ɗibar laka a yi tubali da yaɓe, gubar ta koma ɗakin kwana.

Maƙwabta sun riga sun gwada. A Jos da kewaye an daɗe ana ɗibar yashin ragowar kuza ana gini da yaɓe, alhali yana ɗauke da ma'adinai irin su monazayit masu fitar da tururin nukiliya. A Akokan kusa da Arlit a ƙasar Nijar, ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta auna titi a ƙarshen 2009 ta sami wurin da tururin ya ninka na al'ada har sau 500, saboda an yi ciko da duwatsun da suka fito daga mahaƙar yuraniyom. Sai da aka dawo aka tone.

Ban ce a rufe ƙofar gaba ɗaya ba. Dutsen banza da aka fasa a kan hanyar isa ga jijiyar gwal, wanda ba a niƙa ba, zaiba ba ta taɓa ba, idan awo ya nuna ba shi da dalma ko gubar arsanik, yana iya zama cikon hanya a cikin wurin haƙa. Niƙaƙƙiyar ragowa daga daba kuwa, ba gida, ba makaranta, ba masallaci, ba daɓen kasuwa, ko da kyauta aka ba da ita har da kuɗin mota.

Binnewa

Ita kaɗai ce ba ta kawo ko kwabo, ita kaɗai ce kuma aka gwada a wannan ƙasa aka ga ta sauke dalma a jinin yara. Tsakanin 2010 da 2013 kamfanin TerraGraphics na Amurka da ma'aikatan jihar Zamfara da mutanen ƙauyukan da kansu suka kankare saman ƙasa kimanin santimita 5 da fartanya, suka ɗura a buhuna, suka kai ramukan da aka tanada a wajen gari, suka shimfiɗa sabuwar ƙasa mai tsabta. An fara da Dareta da Yargalma, sai Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗi bayan matsin lamba. A ƙauyuka 8 an kwashe fiye da mita kubik 27,000 daga gidaje da wuraren aiki 820. MSF ba ta fara ba yaro maganin fitar da dalma sai an tsabtace gidansu, saboda ba amfanin wanke jini a mai da shi inda ya kwaso.

Ramin binnewa ba kowane rami ba ne. Ana son wuri mai tudu, nesa da rijiya da fadama, ƙasa mai yumɓu da aka daddanne gindinta, ko a ƙara da leda mai kauri. A rufe da yumɓu, a ɗora ƙasa mai kauri, a yi masa doro don ruwa ya gangare, a bar ciyawa ta kama. A Arlit ma, bayan rufe mahaƙar COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, abin da aka tsara wa tan miliyan 20 na ragowar yuraniyom shi ne rufi mai kaurin mita 2 na yumɓu da dutse. Kamfani mai injiniyoyi bai samo dabarar da ta wuce wannan ba.

Mutane kan ce a mai da ragowar cikin ramukan da aka haƙo ta mana, a huta. Manyan mahaƙai suna yin haka, amma sai sun kwaɓa ta da siminti ta daskare. Ramin hannu yakan kai ga ruwa, ko ruwa ya cika shi da damina, kuma ruwan nan shi ne na rijiyoyin gari. Ga shi kuma ramin da aka bari yau, gobe wani zai sake shiga.

Raunin binnewa biyu ne. Na farko, wa zai biya? Na biyu, ramin da aka san akwai gwal a ciki ba ya kwana lafiya, musamman a wannan farashi. Shi ya sa binne ragowa mai giram 3 a tan wahalar banza ce: za a tone ta da dare, a bushe, ba tsari. Binnewa ta fi dacewa da abin da aka riga aka tatse, ko ƙasar da aka kankare daga gidaje. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika ambata ba. A shekarun 1950, da Amurka ta shiga sayen kolumbayit, wani ma'adini da ake samu tare da kuza, da tsada, kamfanonin Jos komawa suka yi kan tsofaffin tuddan kuza da suka zubar, suka sake tacewa. Ragowar da aka tara wuri ɗaya, aka san iyakarta, aka rubuta abin da ke ciki, ana iya dawo mata in dabara ta inganta. Wadda ta bazu a gonaki da rafi ta tafi ke nan.

Da ni ne mai yanke hukunci

Zan raba tudun gida biyu: tsoho da wanda bai taru ba tukuna.

Tsohon tudu, mai zaiba, wataƙila mai dalma: a hana yara da mata zuwa kansa tun yau, a kewaye shi, a riƙa yayyafa ruwa ko a rufe da tamfol lokacin hunturu, a yi masa ɗan bango ta gangare kafin ruwan farko. A auna. In gwal ɗin ya kai a yi ciniki, a sayar wa masana'anta mai lasisi kaɗai, wadda za ta fara rage zaiba kafin jiƙawa. In bai kai ba, ko babu irin wannan masana'antar a inda mota za ta iya kaiwa, a binne. Kwarmin sayanaid na bayan gari a kan ragowa mai zaiba ya fi barin tudun a rufe muni, ko da kuwa shi ne zai fi kawo kuɗi a wannan watan.

Sabuwar ragowa kuwa ana iya gyara ta tun kafin ta zama ragowa, kuma nan ne ƙaramin kuɗi ke yin babban aiki. Niƙa da ruwa maimakon a bushe: gwajin da MSF da ƙungiyar OK International suka yi da masu haƙa a arewacin Nijeriya ya nuna feshin ruwa a wurin aiki ya rage dalmar da ke cikin iska da kashi 95 cikin 100, ƙurar dutse mai cin huhu da kashi 80. Sannan a tace da nauyi tukuna, da kafet ko tebur mai girgiza, har a rage buhuna su koma 'yan kofuna na baƙin yashi mai gwal. Idan gwal ɗin mai gwaɓi ne, ana iya narka wannan ɗan abin kai tsaye da boraks, wani farin garin sinadari mai taimaka wa narkewa, kamar yadda masu haƙa a Benguet ta Filifin suka daɗe suna yi. Boraks ba ya yi wa kowane dutse, gaskiya ce. Inda dole sai zaiba, a sa ta a kan ɗan tataccen kawai, a cikin baho, a ƙona a tukunya mai murfi da bututu da ke sa tururin zaibar ya koma ruwa, a ajiye ragowar bahon daban. Da haka babban tudun zai tashi ba zaiba, ya zama kayan da masana'anta za ta saya da daraja ba tare da karya doka ba.

In an zo ciniki, ƙungiya ta sayar, ba ɗaiɗaiku ba, kuma a gaban dagaci da jami'in ma'adinai. Farashi ya bi sakamakon awo, a raba samfur biyu kowa ya riƙe nasa. A nemi ganin lasisin mai saye da takardar tantance tasirin aikinsa ga muhalli, wadda dokar Nijeriya ta 1992 ta wajabta. Wakilai biyu ko uku su je masana'antar da ƙafarsu, kada su tsaya a ofis, su ce a nuna musu inda laka ke zuwa bayan an cire gwal: akwai shimfiɗa a gindi, akwai shinge, ina ruwan ke bi in madatsar ta cika a watan Agusta, wane gari ne a ƙasanta. A loda ragowar da danshi, a rufe tifa, a wanke tayoyi kafin ta hau titi. Mai saye ya kwashe har santimita 5 zuwa 10 na ƙasar da ke gindin tudun, don ita ma ta sha. Daga kuɗin kowace tifa kuma a cire wani kaso tun kafin a raba, a ajiye shi da sunan ramin binnewa da kuɗin awon ƙasar gidajen ma'aikata, domin a wasu ƙauyukan da aka tsabtace dalma ta sake komawa gida ne a jikin tufafi da buhunan masu dawowa daga daba.